Sayen Dutse A Bakin Rami: Yadda Ake Ciniki Da Gidajen Masu Haƙa

Wanda ya shiga harkar duwatsu masu daraja ba ya daɗewa sai wani ya raɗa masa cewa riba tana bakin rami. Dutsen da aka tono a Mambilla ko kudancin Kaduna yakan bi ta hannaye da dama kafin ya kai Jos ko Ibadan, daga can ya haura Bankok, kuma kowane hannu sai ya ɗora nasa. To me zai hana mutum ya tsallake su, ya je wurin mai haƙar da kansa? Babu, zuwa da kai ma ya fi saƙo. Sai dai wanda neman araha kaɗai ya kai shi, yawanci da gilashi yake dawowa a aljihu. Amfanin bakin rami shi ne ka riga kowa ganin kaya, kuma ka san ramin da dutsenka ya fito. Wannan kuwa mutanen wurin ne suke ba ka shi, kuma sai sun yarda da kai tukuna.

Fara da zaɓen dutse guda da yanki guda. Ƙasar nan tana da duwatsu iri-iri, kowanne da halinsa. Shuɗin safaya, wanda magabata ke sakawa cikin jinsin yaƙutu, ana samun sa a tsaunin Mambilla cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta Taraba, musamman Mayo Sina kusa da Nguroje. Sunansa ya yi nisa har masana na cibiyar GIA ta Amurka suka fitar da rahoto a kansa a 2014. Akwai wani safayan a ƙasar Jama'a ta kudancin Kaduna, wajen Nisama da Antang da Gidan Waya, wanda galibi ya fi na Mambilla duhu. Zumurrudu da akwamarin suna fitowa daga Gwantu da Nasarawa Eggon. Tofaz yana nan a Filato da Bauchi, sau da yawa cikin tsakuwar da ake wanke kuza. Tumalin kuwa sai Keffi, da Komu da Ofiki a Oyo, da Ijero a Ekiti. Idon da ya goge a kan safaya zai iya yin kuskuren ɗan koyo a kan tumalin. Ka zauna a shagon wani tsohon ɗan harka a Jos, kana kallo kana riƙa dutse a hannunka, har ka san farashin gari na irin da ka zaɓa. Wanda bai san nawa zai sayar ba, bai san nawa zai saya ba.

Takarda kafin tafiya

Kundin tsarin mulki na 1999 ya danƙa mallakar duk ma'adinan ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ita ta tsara yadda ake haƙa da yadda ake saye. Mai saye yana buƙatar lasisin saye da mallakar ma'adinai daga ma'aikatar ma'adinai ta tarayya. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka yi wa kamfaninka rajista, sannan ka je ofishin jami'in ma'adinai na tarayya da ke jiharka ya faɗa maka abin da ake nema a lokacin, don kuɗaɗen sukan canja. Su ma masu haƙar, ana so su kasance cikin ƙungiyar gama kai mai rajista, ko suna aiki a ƙarƙashin wanda ke da izinin ƙaramar haƙa. Da yawa ba su da ko ɗaya, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma tun da aka kafa dakarun tsaron ma'adinai a 2024, kame ya ƙaru, kuma dutsen da ba shi da takarda ana iya ƙwace shi a shinge ɗaya. Ka nemi waɗanda ke cikin ƙungiya. Idan gidan da ka yarda da su ba su shiga ba, taimaka musu su shiga ya fi musu duk wata kyautar da za ka kai.

Dutsen na wane ne?

Idan ka isa gari, kada ka wuce kai tsaye wurin haƙa. A fara kai ka ka gaida mai unguwa ko dagaci, a Mambilla jauro, sannan shugaban masu haƙa. Faɗi sunanka da garinku da abin da ya kawo ka. Baƙon da aka san masaukinsa yana da wanda zai kai wa ƙara idan an cuce shi.

Daga nan sai tambayar da sababbin shiga ke mantawa: dutsen nan na wane ne? Ba kasafai rami yake zama na mutum ɗaya ba. Akwai mai gona, wanda ƙasar take hannunsa. Akwai ubangidan da ke ɗaukar nauyin abinci da fetur da injin jan ruwa. Akwai samarin da ke sauka ƙasa da diga da shebur, da masu jawo ƙasa da igiya, da masu wanki a rafi. Kowa da kasonsa, kuma yadda ake rabon ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A gida ɗaya kana iya tarar da maigida yana da kaso a rami, 'ya'yansa suna haƙa, uwargida kuma tana sake wanke tsakuwar da maza suka zubar, tana tara ƙanana a kwalbar magani. Abin da ke cikin kwalbar nan nata ne, da ita za ka yi ciniki, ko da ta bakin ɗanta ne, kuma a hannunta kuɗin zai sauka. Ƙananan nan ma ba abin rainawa ba ne, masu yin 'yan kunne da sarƙa suna neman su idan launinsu ya zo ɗaya.

To wata rana da almuru wani saurayi zai biyo ka masauki, ya waiga hagu da dama, ya zaro dutse daga bakin wandonsa, ya ce, "Alhaji, kai kaɗai na kawo wa, kada kowa ya ji." Ka sallame shi da fatan alheri. Ɗayan biyu ne: ko ya sace wa abokan aikinsa, ko dutsen na bogi ne. Idan sata ce, maganar za ta fito, don ƙauye ba ya riƙe sirrin dutse, kuma daga ranar babu mai sake nuna maka kayan kirki. Ciniki a yi shi da rana, a gaban duk mai haƙƙi ko wakilinsa.

Duba kaya

Kayan aikinka ba su fi cikin aljihun jaka ba: ƙaramin sikeli mai nuna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, tabaron duba dutse mai ƙara girma sau 10, hantsaki, tocila mai siririn haske, farar takarda ko farin faranti, zare, ƙaramin kofin roba, da tsohon buroshin haƙori.

Da farko wanke dutsen ka bar shi ya bushe sarai. Jiƙaƙƙen dutse maƙaryaci ne, ruwa yana cike tsaga ya ɓoye ta, launi kuma ya ƙara kyau. Mai ya fi ruwa iya wannan, shi ya sa idan ka ji santsi a yatsa ko ka ga naso a takardar da aka naɗe shi, sai ka wanke da sabulu. Zauna a inuwa inda hasken rana ke shigowa sosai, da hantsi ko bayan azahar, ka aza dutsen a kan farar takarda. Idan launinsa ya fito haka nan ba tare da ka ɗaga shi sama ba, madalla. Idan kuwa sai an haska masa tocila yake nuna shuɗi, to bayan an yanka shi baƙi zai zama a kan zobe. Wannan ita ce matsalar safaya mai duhu, kuma a nan ne kuɗin mutane da yawa ke nutsewa, don a gaban tocila kowane dutse sarki ne. Aikin tocila daban ne: ka haska daga gefe da baya, kana juya dutsen a hankali, kana neman tsaga da ƙazanta da gajimare a ciki. Tambayi ko da nakiya aka fasa dutsen da ya fito, domin nakiya tana barin siraran tsagogi da ba sa bayyana sai a hannun mai yanka. Tofaz kuma ko ba nakiya yana da layin da yake darewa a kansa, bugu ɗaya ya raba shi biyu.

Siffa tana faɗin abu da yawa. Akwamarin da zumurrudu dangi ɗaya ne, sandarsu gefe shida gare ta. Tumalin yana da zane-zane a tsawonsa, idan ka dube shi ta kai kuma za ka ga kamar kusurwa uku masu kumburi. Ka leƙa shi ta wannan kan: wani tumalin kore ne shar ta gefe, amma ta tsawo a toshe yake baƙi ƙirin, kuma wannan yana rage masa daraja ƙwarai. Safaya a halittarsa yakan zo kamar ƙaramar ganga mai gefe shida, ko da yake wanda ruwa ya daɗe yana gungurawa ya riga ya goge.

Gwajin da ya fi kowanne amfani a daji shi ne na nauyi, kuma ba ya ɓata dutse. Auna shi a bushe ka rubuta. Ɗora kofin ruwa a kan sikeli ka mayar da lamba sifili. Ɗaure dutsen da zare ka zura shi cikin ruwan ya nutse duka, kada ya taɓa ƙasan kofin ko gefensa, ka karanta lambar da ta fito. Raba ta farko da ta biyu. Safaya yana ba da wajen 4.0, tofaz 3.5, tumalin 3.0 zuwa 3.1, akwamarin da zumurrudu 2.7, kwaz 2.65. A ce an kawo maka dutse mai ruwan sararin sama da sunan akwamarin, ya auna giram 7 a bushe, a ruwa ya nuna 2. Amsa 3.5 ke nan, wato tofaz ne, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Da akwamarin ne da wajen 2.6 zai nuna. Gwajin yana da iyaka: ƙaramin dutse ba ya ba da amsa mai kyau, kuma ba ya raba akwamarin da kwaz ko da wasu nau'o'in gilashi, tunda lambobinsu sun yi kusa.

Akwai masu son karce dutse don gwada tauri. Gaskiya ne a ma'aunin Mohs safaya yana 9, tofaz 8, kwaz 7, gilashi bai kai 6 ba. Amma kayan mutane ne, kada ka karce sai da izini, kuma a gindi inda ba za a yi asara ba.

Yanzu ga abin da ke ba mutane mamaki: jabu ya fi yawa a kusa da rami, don a can ne mai saye yake sakin jiki. Gilashi da fasasshiyar kwalba suna da sauƙin kamu, tabaro zai nuna maka ƙwayoyin iska zagayayyu a ciki. Mai wuyar shi ne safayan masana'anta. Tun 1902 wani Bafaranshe mai suna Verneuil ya bayyana hanyar narka gari a harshen wuta ya zama yaƙutu, kuma har yau ana yin sa da arha. Sinadarinsa ɗaya da na ƙasa, taurinsa ɗaya, nauyinsa ɗaya, saboda haka kofin ruwanka ba zai kama shi ba. Sai a farfasa shi, a gurje gefunan, a shafe shi da jar ƙasa, a cusa ɗaya ko biyu cikin kaya na gaske. Wani lokaci mai haƙar kansa bai sani ba, shi ma sayar masa aka yi, ko an jefa masa a wurin wanki. Alamarsa layuka ne masu lanƙwasa a ciki da ƙananan ƙwayoyin iska, alhali layukan launi na dutsen ƙasa miƙaƙƙu ne masu karyewa a kusurwa. Babbar alama kuma ita ce kyau ya yi yawa. Idan dutse ɗaya ya fi duk 'yan'uwansa girma da tsabta da launi, kuma bai yi kama da abin da ramin ya saba bayarwa ba, tsaya. A irin wannan sai ku yi yarjejeniya: a naɗe shi, ku sa hannu a kan naɗin ku biyu, a tafi da shi gwaji tare da wakilin mai kaya, in ya tabbata ka cika kuɗi.

Tayi

A bakin rami da giram ake magana, a kasuwar yankakken dutse da karat. Giram ɗaya karat biyar ne. Amma kada ka ninka ka hau murna, domin wurin yanka da gogewa yawancin dutsen ƙura yake zama. Abin da ke saura bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin biyar ba. Ɗanyen dutse mai giram 4, wato karat 20, ka sa rai da karat 4 zuwa 5, in siffarsa ta yi kyau. Falle ko mai tsaga a tsakiya ba zai kai haka ba. Daga kuɗin da kake sa ran samu a kan wannan, cire ladan mai yanka, da kuɗin mota da masauki, da haƙƙin gwamnati, da wani abu saboda waɗanda za su ba ka kunya, sannan ribarka. Abin da ya rage shi ne iyakar tayinka. Rubuta shi kafin a fara magana.

Yawanci a tare za a zube maka kayan, mai kyau da maras kyau. Idan ka tsince na kirki ka bar musu tarkace, sai ka biya kuɗin tsinta, wanda ya fi na sari nesa, don ka rage wa sauran kwarjini. Ni dai na fi son a rarraba kayan gida-gida a kan farantin a gaban mai su, a ce wannan ga dalilin da ya sa ya fi, wannan ga aibinsa. Wasu 'yan harka suna ganin wauta ce ka koya wa mai kaya darajar kayansa. Ban yarda ba. Yau waya tana hannun kowa, kuma masu saye daga Senegal da Mali da Gini sun daɗe a wuraren nan suna tayi. In ka sayi na miliyan a dubu hamsin, labari zai dawo kafin ka dawo. Musulunci ma ya hana a tare fatake a hanya a saye kayansu tun ba su san farashin kasuwa ba, kuma ya ba mai kayan zaɓin warware cinikin idan ya isa kasuwa. A Tanzaniya an gwada akasin ɓoye-ɓoyen nan: GIA da ƙungiyar Pact sun raba wa mata masu haƙa a yankin Tanga littafin tantance ɗanyen dutse da harshen Suwahili, daga baya shirin Moyo Gems ya riƙa shirya musu ranakun kasuwa inda suke haɗuwa da masu saye ido da ido. Mai haƙar da ya san abin da ake nema, shi ne yake kawo kaya a wanke, a rarrabe, ba a farfashe ba.

Kada ka kushe kaya don ka karya farashi, mutumin ya yi watanni a cikin laka kafin ya same su. Idan ka taya aka ce maka albarka, ƙara abin da za ka iya, in ka kai iyakarka ka ce, "Baba, ƙarfina ke nan, in an samu wanda ya fi, Allah ya sa alheri." Ka tashi da fara'a. Dillalin da ya haɗa ku kuma a san la'adarsa a fili tun farko, da wanda zai biya ta.

Sai maganar kafin alƙalami, wadda ta raba abokai da yawa. Bayan an saba, za a nemi ka taimaka da kuɗin aiki. In za ka bayar, ba da abin da rashinsa ba zai karya ka ba, domin rami yana iya cin wata uku bai ba da komai ba. Kayan aiki sun fi tsabar kuɗi: rariya, igiya, fetur, gyaran inji, katakon tokare rami. A rubuta a gaban shaidu. Sharaɗin da ya dace shi ne kai za a fara nuna wa abin da ya fito, a farashin ranar. Wanda ya ɗaure mutane da cewa dole su sayar masa a kuɗin da ya yanka, ya koya musu ɓoye masa manyan duwatsu da kansa.

Akwai wata kasuwar da masu haƙa da yawa ba su san da ita ba. Masu tara ma'adinai don ado da nazari, irin waɗanda ke cika baje kolin Tucson a Amurka farkon kowace shekara, suna son dutse yadda Allah ya halicce shi, da kansa cikakke, yana zaune a kan uwar dutsen da ya tsiro. Sandar akwamarin da tsaga ta hana ta yankuwa tana iya yin kuɗi a wurinsu in ba a ɓalle ta ba. Roƙi mutanenka su daina sa guduma a irin wannan, su naɗe kowanne daban a takarda, kada su zuba su a buhu ɗaya suna gogar juna. Duba gindin da kyau, don akan manna sandar a kan uwar dutsen da gam.

Idonka kuma ya kai kan yadda ake aikin. Ramin da ake zura yara ƙanana a ciki saboda ƙuncinsa, kada kuɗinka ya shiga can, kuma ka faɗi dalili. Da damina ƙasa tana laushi, ramuka suna ruftawa, kada ka matsa wa kowa ya sauka saboda kana sauri. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ya isa ya sa duk mai sayen ma'adini ya tambayi inda ake fasa kayan da inda ake wanke su. Ta fuskar tsaronka, tambayi mutanen gari halin hanya a ranar da za ka bi ta, kada ka yi tafiyar dare, kada ka sanar da ranar komawarka. Biya ta banki ko wurin mai POS ya fi yawo da jaka, ko da sai kun hau tudu neman sabis.

Kowane ciniki ya shiga littafi nan take: kwanan wata, gari, rami, sunan mai kaya, irin dutse, nauyi, kuɗi. Ɗauki hoton dutsen a kan sikeli lambar tana nunawa, ka sa masa lamba a jikin ledarsa, ka ba mai kaya kwafin rasit. Hoton mutum ko na raminsa kuwa sai ya yarda. Kada ka gauraya na Mambilla da na Jama'a don su yi auki, domin mai saye na waje da ke biyan ƙari saboda sanin asali, wannan littafin yake biya. Idan ka kai dutse aka gasa shi don gyara launi, kamar yadda ake yi wa safaya da akwamarin, ko aka sa wa zumurrudu mai, rubuta, kuma ka faɗa wa wanda za ka sayar wa. Ranar da za ka fitar da kaya waje, sai ka biya haƙƙin gwamnati a kan nauyin da ke hannunka kafin ma'aikatar ta ba ka izinin fitarwa, kuma rasit ɗin nan na bakin rami su ne hujjarka idan aka tambaye ka inda ka samo su.